Ƙafar da Ke Girma a Jadawalin Injiniya

SHAFI NA 17

Na ga saƙonninku. Masu cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, idon ba na da ba ne, kuma da yatsa ɗaya nake bugawa. Masu rantsuwa kuma cewa aljani ne ya shiga kwamfutar Injiniya, na ji ku. Tambaya ɗaya gare ni: wanda zai iya ratsa bango, me zai zaunar da shi yana awon ƙwauri da milimita?

Ga wanda yau ya shigo: wata uku ke nan da rasuwar Injiniya. Ya bar wa ɗansa Auta shagon ƙera takalman ƙarfe na masu shanyayyar ƙafa. Sati uku da suka wuce, wasu zane-zane da ba wanda ya san da su suka soma fitowa a kwamfutar shagon, dukkansu da sunan Kurciya, 'yar gidan da ta rasu tana shekara biyar. A goge su, su dawo. Ma'aikata sun watse. Auta ya yi rantsuwa yau zai share kwamfutar kakaf ko sa dawo bakin aiki. Jiya da yamma maganar ta faɗa kunnen uwarsa, Malama.

*

Rabon Malama da shagon nan shekara ashirin da huɗu.

Warin bai canza ba. Ƙonannen ƙarfe da fata da man inji. A kan wayar da aka ja daga bango zuwa bango, takalman da ba a gama ba suna rataye, guda goma sha ɗaya, kowanne da siffar ƙafar da babu ita a ciki. Da ta turo ƙofa iska ta biyo ta, suka ɗan yi lilo.

Ta kawar da kai.

Mutum ɗaya ne ya rage a wurin aikin, Mai Walda, ƙanin marigayin. Yana zaune a kan kifaffen bokiti, tabaraun walda a goshi, hannu babu komai. Da ya gan ta ya miƙe zumbur.

"Matar Yaya? Ke ce da sassafen nan?"

"A'a, fatalwata ce. Na ji su ake yayi a shagon nan yanzu."

Bai yi dariya ba. Mutumin da shekara arba'in ba ta taɓa jifansa da magana ya bari ta faɗi ƙasa ba. Ta lura da wannan, ta ajiye a ranta, ta wuce ofis.

Auta na gaban kwamfuta, idonsa jajur. Rigar aikin babansa na nan a jikin ƙusa bayan ƙofa, biro biyu a aljihunta.

"Umma, wa ya gaya miki?"

"Wanda ya fi ka tsoron Allah. Ɗauke hannunka daga kan linzamin kwamfutar nan."

"Umma, don Allah ki koma gida. Ba abin da za ki gani a nan sai ɓacin rai. Mutum goma sha ɗaya ke jiran takalmansu, ma'aikata sun ce muddin abin nan yana ciki ba mai taka ƙofar nan. In na share komai na sake zane daga farko, shi ke nan."

"Aikin ubanka na shekara da shekaru za ka share don ƙartin banza sun ji tsoro?"

"Ni ma tsoron nake ji."

A hankali ya faɗe ta. Malama ta dube shi. Wutar lantarki ya karanta, wannan zanen kuwa a wata ukun nan ya koya wa kansa, dole ta sa. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta sa tabarau.

"Nuna min. Kuma ka yi min bayani kamar ba ni da kai."

Ya danna. Takalmin ƙarfe ya fito a fuskar kwamfutar, toka-toka, yana juyawa shi kaɗai a sarari. Sanduna biyu, maɗauri uku, makulli a gwiwa. Kamar ka miƙa hannu ka ɗauko.

"Zanen ɗaya ne tak," in ji Auta. "Baba bai zana takalmi arba'in ba. Ɗaya ya zana, sai ya haɗa shi da jadawali. Ga shi." Ya buɗe wani shafi mai layi-layi. "Kowane layi siga ɗaya ce ta takalmin. Nan sunanta, nan tsawon cinya, nan tsawon ƙwauri, nan faɗin idon sawu, nan kaurin ƙarfe. Nan kuma ko a sa makullin gwiwa ko a cire. Kina rubuta layi, manhajar za ta karanta ta fitar miki da takalmi daidai wannan awon."

"Wato rajistar aji ce. Kowane layi ɗalibi."

"Haka ne."

"To ina baƙin ɗaliban?"

Ya rufe jadawalin, ya nuna mata jerin sigogi a gefen zanen. Na yara, na manya, na dama, na hagu. A ƙasansu kuma:

Kurciya 5.
Kurciya 6.
Kurciya 7.

Haka har Kurciya 28.

Shekara ashirin da huɗu ba a furta sunan nan a gidanta ba. Ita ta hana. Yau ga shi a jere sau ashirin da huɗu, kamar ana kiran yarinyar daga nesa tana ƙin amsawa.

Ta dafe gefen tebur.

"Ci gaba," ta ce.

Auta ya zaɓe su duka, ya goge. Suka ɓace. Ya buɗe jadawalin, ya rufe.

Suka dawo. Ɗaya bayan ɗaya, daga biyar zuwa ashirin da takwas.

"Kin gani? Sau talatin na yi haka. Kuma babu su a jadawalin, Umma. Duba da idonki. Layin ƙarshe wanda na ƙara ne, daga nan sai fili."

Ku da kuke cewa aljani, a nan ne ya kamata ku ji kunya. Malama shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi, kuma abin da ta koya shi ne yaro mai satar amsa ba a tsakiyar takarda ake kama shi ba, a gefe ne. Ba ta kalli awon ba sam. Ƙananan lambobin da ke gefen layukan ta bi da yatsa.

"Ƙirga min waɗannan."

"Umma…"

"Da ƙarfi."

"Talatin da tara. Arba'in. Arba'in da ɗaya. Sittin da…"

Ya sake bin lambobin da ido.

"Sittin da shida," ta ƙarasa masa. "Wane malami ya koya maka daga arba'in da ɗaya sai sittin da shida? Gaya min in je in karɓo maka haƙƙinka."

Ya danna tsakanin lambobin biyu. Jadawalin ya buɗe kamar an ja labule. Layi ashirin da huɗu da aka ɓoye suka zubo ƙasa, cike da lambobi.

"Innalillahi," in ji Auta. "Ɓoye su ya yi. To amma me ya hana su fitowa tun da?"

"Kai za ka gaya min. Layi na arba'in da ɗaya, wa ya rubuta shi?"

"Ni. Wani dogon mutum aka kawo, babu awonsa a ciki, sai na ƙara masa a ƙasa."

"Yaushe?"

"Sati uku ke…" Ya dafe kai.

"Kafin ka rubuta, me ke wurin?"

"Babu komai. Layi ne a wofi." Ya runtse ido. "Manhajar daga sama take karantowa. Tana iske layin da babu komai, sai ta ɗauka jadawalin ya ƙare, ta tsaya. Duk abin da ke ƙasa ba ta ganinsa. Baba ya sha gaya min, in za a ƙara sabon awo a cusa shi a tsakiya, kada a ƙasa. Na ɗauka fi'ilin tsofaffi ne."

"Rami ya bari tsakaninmu da su. Kai kuma ka zo ka cike."

"Shi ya sa ko na goge suke dawowa. Inuwar nake gogewa, ainihin yana nan."

"To ka ga aljaninka."

Ta faɗe ta da izgili, amma ta san da saura. Gano yadda abu ya fito daban, gano abin da ya fito daban. Ta matso da kujera.

Kurciya 5. Ƙafar hagu. Ƙwauri ɗari biyu da casa'in.

Wannan ba sai an karanta mata ba. Ita ta riƙe tef ɗin awo ranar, a tsakar ɗaki, yarinyar na ƙyalƙyala dariya wai sanyin ƙarfen bakin tef yana yi mata cakulkuli. Wata huɗu bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ta a asibiti.

"Danna min wannan."

Takalmin da ke juyawa ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi.

"Na gaba."

Ya ɗan ƙaru.

"Na gaba. Na gaba."

Suna kallo ƙafar da babu ita tana girma. Shekara bakwai. Shekara goma. Sha biyar. Ga ta ta zama ƙafar budurwa. Ga ta ta zama ta mace.

Auta ya fashe da kuka irin na manya, wanda babu sauti sai kafaɗa.

"Ƙiyasi yake yi, Umma. Kowace shekara sai ya zauna ya ƙiyasta da tana raye da yanzu ta kai kaza. Dubi gidan ƙarshe, ranar awo. Ban da na farko, duk rana ɗaya ce. Sha bakwai ga wannan watan."

Malama ba ta bukatar a tuna mata. Da ranar ta farka yau, kamar yadda take farkawa da ita duk shekara. Ranar da Kurciya ta cika.

Kuma a wannan ranar ce, duk shekara, Injiniya ke sa rigarsa tun da safe ya ce akwai aiki a shago. Ya bar ta ita kaɗai da bango huɗu. Mata sun sha gaya mata haka maza suke, ba sa riƙe ranaku, zuciyarsu ba irin tamu ba ce. Ta yarda. Ta riƙe shi da wannan shekara ashirin da huɗu. Har a gadon asibiti, kwana biyu kafin ya cika, da ya kama hannunta ya ce akwai maganar da yake so su yi game da yarinyar, zare hannun ta yi.

"Yanzu ka tuna da ita?" Abin da ta ce masa ke nan.

Bai sake tayar da maganar ba.

Da wata ce da a nan za ta zube, ku ma ku samu abin da za ku yi kuka a kai ku tafi. Amma Malama in abu ya fi ƙarfin zuciyarta, lissafi take ba shi. Ta miƙa hannu ta zaro biro daga aljihun rigar marigayin, ta juya bayan wata takarda, ta soma ɗebe awon kowace shekara daga na mai bi mata.

Minti biyar ta yi tana lissafi.

"Share hawayenka," ta ce. "Wannan ba ƙiyasi ba ne."

"Kamar yaya?"

"Mai ƙiyasi a tsare yake tafiya. Bana ashirin, baɗi ashirin. Dubi nan. Daga takwas zuwa tara, milimita uku kacal. Yarinyar ta yi jinya a shekarar. Daga sha biyu zuwa sha uku, talatin da ɗaya, ta yi tsawo lokaci guda. Dubi gidan makullin gwiwa. A sha ɗaya ya cire shi. A sha biyu ya mayar."

"To sai me?"

"Ya gwada ko gwiwar za ta ɗauke ta babu makulli, ta kasa. Kai da kake da hankali, uban da ke mafarkin 'yarsa, mafarkin ta kasa zai yi?"

Auta ya matso ya leƙa takardar.

"Ga wanda ya fi. Faɗin idon sawu. A ashirin da uku, sittin da biyu. A ashirin da huɗu, saba'in da ɗaya. A ashirin da biyar ya dawo sittin da huɗu." Ta ajiye biron. "Me ke kumbura ƙafar mace shekara ɗaya ya sake ta?"

"Ban sani ba."

"Ba za ka sani ba. Ni na sani, don da cikinka sai da na bar sa takalmi. Juna biyu ne. Ubanka ko karatunsa ya kai ina, ba zai ƙirƙiro wannan ba. Da tef ya auna. Akwai mace mai rai a cikin jadawalin nan."

Iska ta sake kaɗa takalman da ke rataye a waje, suka gogi juna.

"Umma… ko dai ba ta…"

"Kada ka soma. Da hannuna na rufe mata ido. 'Yata ta mutu."

"To ko Baba yana da wata…" Ya kasa.

"Ƙarasa mana. Wata 'yar a waje. Shi kake son cewa."

Ya sunkuyar da kai.

Malama ta juya kujerarta ta fuskanci ƙofa. Ba ta ɗaga murya sosai ba.

"Mai Walda. Na san kana bayan ƙofar nan, inuwar kunnenka har ta shigo. Ƙaraso."

Ya shigo yana murza hannu a jikin wando. Ya kalli kwamfutar sau ɗaya, ya kawar da ido.

"Yayanka zane ya iya," ta ce. "Ko ƙusa ya buga sai ta lanƙwashe. Takalmi ashirin da uku wani ne ya ƙera masa su. Kuma ma'aikata duk sun gudu kai ba ka gudu ba. Ba jarumta ba ce, na san ka, ɓera ma kan hau da kai tebur. Ba ka gudu ba don ka san ba aljani ba ne. Ƙafar wace ce?"

"Matar Yaya, rantsuwa ya sa na yi."

"Wanda ka yi wa rantsuwar yana ƙasa. Ni ina nan. Sati uku kana kallon yaron nan yana ramewa, ka yi gum."

"Baffa, don girman Allah," in ji Auta.

Mai Walda ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Ya cire tabaraun daga goshi yana juya shi.

"Kin tuna gadon da ke kusa da nata a asibiti? Ta wajen taga?"

Malama ta kafe shi da ido, ya ci gaba.

"Akwai wata yarinya. Sa'arta ce. Ita ma ƙafar hagu. Uwarta ce kaɗai ke jinyarta, wadda ke shimfiɗa kwali a ƙasa."

"Mai jan gindi," in ji Malama a hankali. "Wadda ke leƙen takalmin Kurciya a ƙarƙashin gado."

"Ita. Bayan kwana uku da rasuwa, kika naɗe takalmin a zane kika miƙa wa Yaya. Kika ce ya kai shi inda ba za ki sake gani ba, kuma kada a ƙara kiran sunan a gidan."

"Haka manya suka ce in yi. Wai in ana ambato ba a warkewa."

"Ya kawo min nan ya ce in yanka. Na kunna wuta. Wallahi sai da na kai bakin wutar, ya sa hannu ya rufe takalmin. Shi ne tabon nan na bayan hannunsa da ya ce miki tafasasshen ruwa ne."

Malama ta rufe ido. Ita ta yi ta shafa wa tabon nan magani tana masa faɗan rashin kula.

"Daga nan asibiti ya koma. Ya sa wa yarinyar. Huda ɗaya kawai muka ƙara a maɗauri, ya zauna mata kamar don ita aka yi. Ranar ta fara tsayuwa. Ya ce da uwar, yara girma suke yi, ta dawo da ita baɗi war haka. Ya ba ta rana. Wannan ranar."

"Me ya sa wannan?"

"Ya ce ita ce ranar da ba zai iya zama a gida ba. In ya zauna zai kira sunan, ke kuma kin hana."

Mai Walda ya ci gaba.

"Da a littafi yake rubutawa. Da kwamfuta ta zo ya kwashe ya zuba a ciki, ya sa na Kurciya na gaskiya a sama. Na ce Yaya, ka sa sunan yarinyar mana. Ya ce ya gwada, hannunsa ya ƙi."

"Ita ta san sunan wa ake kiranta da shi?"

"Ta sani. Tun tana sha biyu ya gaya mata. Ta ce a bar mata."

"A bar mata."

Malama ta maimaita, muryarta ta canza. Auta ya san wannan muryar, ita ce ke sa aji ya yi shiru tun daga baranda.

"Shekara ashirin da huɗu ina kwana ina tashi da mutum, ina ce masa a raina marar zuciya. Ya bar ni na tsane shi. Ya bar ni na zare hannuna a gadon mutuwarsa. Shi kuma yana nan yana kallon ta tana girma, yana jin dariyarta, yana kiran sunan da bakinsa. Ni aka bari da kabari, shi ya ɗauki mai rai."

"Sau uku ya yi niyyar gaya miki."

"Niyya!"

"Kin san kanki, Matar Yaya. In kika rufe ƙofa ko iska sai ta nemi izini."

"Sunan 'yata ya ɗauka ya ba 'yar wasu."

Ta fizgo linzamin daga gaban Auta. Ta ga yadda ya yi ɗazu, kuma ita abu sau ɗaya ake nuna mata. Ta ja daga layi na arba'in da biyu har na sittin da biyar. Duk suka yi shuɗi. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa.

"Wannan ne ainihin, ko? In na goge nan ba sa dawowa?"

"Umma, tsaya. Babu kwafinsa a ko'ina."

"Kai da ka zo share komai?"

"Ban san mutum ce a ciki ba."

Mai Walda ya taso a kan gwiwoyinsa.

"Matar Yaya, ki yi min duk abin da kika ga dama, amma ki ji wannan. Ƙafar tata a murɗe take. Yadda Yaya ya karkata sandunan, da inda ya sassauta don kada ƙarfe ya ci mata ƙashi, shekara da shekaru ya yi yana gyarawa kafin ya dace. Duk yana cikin lambobin nan. Ni lanƙwasa ƙarfe kawai na iya, abin da takarda ta ce. Kuma na ƙafarta yanzu gwiwar ta cinye. Bara ya ce takalmin ba zai kai wata shekarar ba."

"Sai ta nemi wani uban."

Ta faɗa, amma yatsan bai sauka ba. Idonta na kan gidan ƙarshe na jadawalin. Sha bakwai. Sha bakwai. Sha bakwai.

Ta ɗaga kai a hankali.

"Ƙarfe nawa take zuwa?"

Mai Walda ya dube ta.

"Goma."

Su uku suka kalli agogon bango. Goma saura minti huɗu.

"Ta san ya rasu?"

Mai Walda ya kawar da kai.

"Da kai nake. Ta sani?"

"Nesa take zaune. Lambarta a wayarsa take, wayar kuma tana wurinki a kulle. Ni… ko da ina da ita, ban san ta inda zan fara ba."

Sai suka ji.

Daga can bakin titi, a kan simintin da ya biyo gefen shagon.

Ƙas.

Sai jan ƙafa.

Ƙas.

Makullin gwiwar ƙirar Injiniya ne, ba a sayar da irinsa a ko'ina. In mai shi ya taka, sai ya yi 'yar ƙara kamar an rufe akwati. Malama ta san ƙarar nan fiye da bugun zuciyarta. Da ita take gane Kurciya ta taso daga barci. Shekara ashirin da huɗu tana jin ta a tsakar gida in gari ya yi tsit, tana ce wa kanta tsufa ne, kunne ne.

Ƙas.

Wannan karon da nauyin babban mutum. A gefenta kuma wasu 'yan ƙananan sawu, masu sauri, suna tsalle.

Aka turo ƙofar shagon. Takalman da ke rataye suka yi lilo.

"Salamu alaikum. Baba? Yau shagon shiru haka?"

Muryar mace ce.

Ta bayyana a ƙofar ofis. Doguwa, fuskarta da gumin tafiya, jaka a kafaɗa. Ƙarfe na leƙowa ta ƙasan zanenta ta hagu. Tana riƙe da hannun wata 'yar yarinya da ba za ta wuce shekara biyar ba.

Ta kalli Mai Walda a durƙushe. Ta kalli Auta. Da idonta ya sauka a kan Malama sai ta saki jakar.

"Mama," ta ce.

Ta dafa ƙofa, ta saki makullin gwiwar, ta rusuna da ƙyar har ƙasa.

"Na gane ki. Hotonki na cikin walat ɗinsa. Ashe ya cika alkawari." Tana dariya hawaye na zuba. "Bara ya ce min, baɗi ko za ki kore shi daga gidan sai ya gaya miki. Ya ce ke kika riƙe tef a awon farko, ke za ki riƙe a na shekara ashirin da tara."

Malama ta dubi hannunta. Ba ta san lokacin da yatsan ya bar maɓallin ba. Tef ɗin Injiniya ne a tafinta, wanda ke gefen kwamfutar, ta damƙe shi har bakin ƙarfen ya shige mata fata. Da sanyi, kamar wancan karon.

Layukan na nan a allon, shuɗi, ba ko ɗaya da ya ɓace.

'Yar yarinyar ta zare hannunta daga na uwarta. Ta leƙa bayan tebur. Ta leƙa bayan ƙofa, ta ga rigar a jikin ƙusa, ta taɓa hannun rigar.

Sai ta zo ta tsaya a gaban Malama, ta ɗaga kai.

"Ina Kaka ya ɓuya?"